Motar da Ta Sha Rubutu

Ko da tsufa zai kwashe abin da ke kaina, ba na jin zai tafi da labarin motar taubashina, ɗan gwaggona da ke Kwarbai. Tsohuwar mota ce ya saya, marfin tankinta ma tsumma ne da leda, amma lafiya lau take tafiya.

Ranar da ya kawo ta, maƙwabcinsa, amininsa tun na ƙuruciya, ya shafa bayanta yana yabo, bai ce Masha Allah ba. Gwaggo ta ji da kunnenta. Da yamma ta aiko in yi musu rubutun tsari daga baki. Na ɗauko allo da tawada na rubuta, na wanke, na cika gora na aika.

Ba a jima ba mota ta fara ciwo. Da safe sai an yi ta murza makulli tana tari, ta ƙi tashi sai da turi. In ta tashi, a taka totur ta shaƙe, ta yi fizga, ta mutu a tsakiyar hanya. Bakanike ya canza fulogi, ya duba batir, ya wanke kafireta. Da ya ga ruwa a cikin mai, ya ɗora laifin a kan 'yan bumburutu. Taubashina ya koma shan mai a gidan mai kaɗai, ciwo bai tafi ba.

Duk lokacin da ta mutu, Gwaggo sai ta aiko a ƙara rubutu. Ni kuwa in ƙara, mota ta ƙara lalacewa. Ina tsokanarsa cewa jaki ya saya aka yi masa fenti, amma shi ya daina dariya. Ya gama yanke hukunci cewa jifa ne, kuma ya san mai jifan. Ya daina amsa sallamar amininsa, ya canza sahu a masallaci, har ya ce min gobe zai kai shi gaban mai unguwa.

Ran nan da la'asar na kai gorar da kaina, ko zan rarrashe shi. Na tarar taubashin nawa ya tafi masallaci, motar na ƙofar gida. Gwaggo ta karɓi gorar ta sa mini albarka. Ina kallo ta zare tsumman tanki, ta ɗauko mazurari daga cikin mayafinta, ta yi bisimilla ta fara tsiyayawa.

Na ce, "Gwaggo, ashe ba shi kike ba ba?"

Ta dube ni kamar ban taɓa shiga makarantar allo ba. "Malam ƙarami, shi aka yaba ko motar? Wadda aka yi wa baki ai ita ke sha."

Na yi istigfari, sannan dariya ta durƙusar da ni a gindin katanga.

Da ya dawo na ja shi zaure na gaya masa. Washegari aka juye tanki, aka sayi marfi mai makulli, mota ta tashi a murɗa ɗaya. Gwaggo dai ba ta janye ba, cewa ta yi ba don rubutun ba da tuni ta kama da wuta.

Neman gafarar ne ya yi masa nauyi, sai da na raka shi. Aminin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: daga yau shi zai riƙa zama a gidan gaba, tunda an tabbatar ba shi ke kashe ta ba.

Na koyi cewa kafin mutum ya zargi maƙwabci, ya fara duba abin da masoyansa ke zuba masa a gida da kyakkyawar niyya. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo neman rubutu, sai na tambaye shi wa zai sha.