Zaren Likkafanin Iya

Ina cikin kwance dilar gwanjo a bakin titin Sharada, ma'aikata suna fitowa cin abincin rana, sai ƙanwata Hadiza ta kira ni a waya. "Yaya, Iya ta cika. Za a kai ta bayan la'asar." Na karanta Inna lillahi, na ɗaure dilar, na bar wa maƙwabcina ajiya. Tun daga nan har ƙauyenmu na bakin kogin Challawa abu ɗaya nake tunani: likkafanin da ta ce a sa mata ba a saƙa shi ba.

Iya ita ta haifi mahaifinmu. Muna yara, idan sanyi ya shigo, bayan magariba takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Ba ta yin tatsuniya hannu sake. Auduga a hagu, mazari a dama, ga ɗan alli tana dangwala don kada zare ya zame mata. Baba yana aiki a wata masaƙa a Challawa, yakan dawo da burbushin auduga a gashinsa, ita kuwa ta yi ta tsokanarsa wai injinsu sauri kawai ya fi ta. Ni take kira maigida.

"Maigida, matso da ƙafarka daga wuta. Idan ka ƙone wa zai yi mini cefane?"

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani gari ne a bakin kogi. Wata safiya kogin ya kawo riguna, ɗinkakku, masu kyau, sai dai da gani an taɓa sa su. Mutane suka tsame, suka shanya, suka sa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Manoma suka daina shuka auduga, masaƙa suka hura wuta da itacen saƙarsu. Ashe duk wanda ya sa rigar, sunan mai ita na farko yake amsawa. Uwa ta tsaya a ƙofar gida tana kiran ɗanta, yana gabanta, ba ya waiwayowa. Tsohuwa ɗaya ce ta ƙi sawa, ta ci gaba da kaɗinta.

"To sai me ya faru da tsohuwar, Iya?"

"Sai ta tsufa mana. Ku tashi, wuta ta mutu."

Dariya muke yi a lokacin. Rigar kyauta daga kogi, wa zai ƙi?

Ina aji biyu na sakandare aka rufe masaƙar su Baba. Na san ba abu ɗaya ya kashe ta ba, akwai rashin wutar lantarki, daga baya ga atamfar China. Amma abin da na gani da idona shi ne diloli daga Amurka, kayan da mutanen can suka gaji da su, rigar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Baba ya yi ta zarya tsakanin Bompai da Dakata yana neman ko gadi ne, har ciwo ya kwantar da shi. Na bar makaranta. Sana'ar da na samu ita ce sayar da abin da ya raba shi da aikinsa, da ita na yi jinyarsa, da ita nake ciyar da 'ya'yana. Babban ɗana yana da wata riga mai sunan wani Ba'amurke a baya. Abokansa da sunan suke kiransa, yana kuwa amsawa da sauri fiye da idan na ce Sani.

Tsofaffin garinmu sukan tanadi likkafaninsu tun da ransu. Iya ta ce ita nata da hannunta za ta kaɗa. Shekaru ta yi tana tarawa, ido na raguwa, har zaren ya cika ƙwarya. Bara ta miƙo mini.

"Maigida, na sa na mutane a duniya, na gode. Can kuwa da nawa zan je. Kada ka naɗe ni a kayan dilarka."

Na ce, "Iya, ai likkafani sabo ake saya."

"Sabo daga ina?"

Na karɓi ƙwaryar na tafi da ita.

Na nemi masaƙi a Challawa, babu. Na Ɗorayi da aka kwatanta mini ya koma tuƙa adaidaita. Wani leburan kamfanin fata ne ya haɗa ni da kawunsa, Malam Idi, a wani ƙauye a Jigawa. Na kai masa zaren da kaina farkon damina. Ya murza shi a yatsa, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi, amma sai an gama girbi zai kafa saƙa, shi kaɗai ne a gona.

Ba ta kai girbi ba. Da na isa gida har an yi mata wanka, baffana ya sayo farin yadi a kasuwa, mai tambarin ƙasar waje a gefensa. Na san addini bai ce lallai sai nata ba, malam ma ya faɗa mini, Allah Ya ji ƙanta. Na taya aka ɗauke ta.

Yanzu na gane me ya sa ba ta taɓa ba tsohuwar nasara a tatsuniyar ba. Ba ta yi mana ƙarya ko don mu yi barci da daɗi.

Makon jiya Malam Idi ya kira ni, ya ce ya kai dawarsa rumbu, a gaishe da tsohuwa, tsawon kamu nawa take so a saƙa mata. Na ce zan kira shi. Har yau ban kira ba.