Layin Ƙasa Ake Ja a Ƙarshe

Shekarar da na gama sakandare wata mata 'yar ƙasar Sin ta zo Tiga gwajin irin shinkafa a gonakin noman rani. Malama muke ce mata. Tana neman yarinya ɗaya da za ta riƙa bin ta gona tana rubuta alamomi a ƙananan allunan da ake kafawa a bakin kowane komin shuka, kuma da rubutun ƙasarsu ake yi, don abokan aikinta su karanta. Mu biyu muka nema, ni da 'yar kawuna, taubashiyata. Ta ce za ta koya mana na mako shida, sannan ta ɗauki ɗaya.

Na ƙwallafa rai a kan aikin nan. A lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, har na gama tsara yadda za a yi: daga gona sai jirgi, daga jirgi sai wani gari mai fitilu, a can wani ɗan Kano mai karatun likita zai ji na yi Hausa a kanti ya juyo.

Ban ɗauka akwai wata gasa ba. Ni ce mai zanen lalle a unguwarmu, har daga Kiru ake kawo mini amare. Taubashiyata kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa a miƙe.

Harafin farko da ta koya mana yana nufin gona: akwati mai kusurwa huɗu, da layi biyu da suka gitta juna a ciki. Malama ta fara jan layin hagu daga sama zuwa ƙasa, ta ja na sama ta karyo shi gefen dama ba tare da ta ɗaga alƙalami ba, ta yi na ciki, sannan ta rufe da layin ƙasa. Ni kuwa na yi yadda ake yi a lalle, na zagaye akwatin na rufe shi tsaf, sannan na cika ciki. Layukan kwance kuma daga dama na jawo su, yadda hannuna ya saba tun a allo.

"A'a," in ji Malama da 'yar Hausarta. "Shiga tukuna. Rufe daga baya."

"Malama, ai duk ɗaya ne. Duba ki gani."

Ta duba, ta ce ya yi kyau, ta ce in sake.

"Baiwata, ba ƙafar amarya aka ba ki ba fa," in ji taubashiyata.

"Ke dai yi shiru, naki sai an kira mai duba kafin a gane."

Ita a gida da tsinke take yi a ƙasa, tana ƙirga layukan da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Ni a gaban Malama nakan bi tsarin, in na koma gida in yi nawa, don ya fi fita da kyau.

Ranar gwaji ba a zaunar da mu ba. Da hantsi Malama ta riƙa tafiya da sauri a kan kunyar gona tana faɗar abin da za mu rubuta, muna binta da alluna muna rubutawa a tsaye. Da sauri ya yi sauri, hannuna ya koma hanyarsa, ban ma lura ba. In ana sauri alƙalami ba ya gama ɗagowa, sai ƙarshen layi ya jawo wutsiya zuwa farkon na gaba. Na taubashiyata sun haɗe a inda idon mutanen ƙasar Malama ya saba gani. Nawa sun haɗe a wani wurin daban.

Malama ta kira wani abokin aikinta da bai san wa ya rubuta me ba. Ya karance na taubashiyata ba tsayawa. Da ya zo kan nawa ya karanta uku, ya riƙe na huɗu yana karkata shi, ya miƙa wa Malama.

"Gobe ƙarfe bakwai," ta ce wa taubashiyata. Ni kuma ta ce hannuna yana da kyau.

Ni da taubashiyata muka biyo bakin magudanar ruwa zuwa gida. Ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ta yi rani biyu tana aikin, kullum ta ƙofar gidanmu take wucewa, takan leƙo ta gaida Inna in ba ta makara ba.