Mangwaron da Yaya Ta Dasa a Bazara

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Da hantsin ranar Laraba, ashirin da uku ga watan Afrilu, Allah ya yi wa yayata rasuwa a asibiti bayan gajeriyar jinya. Ina kan keken ɗinki 'yarta ta kira ni. Na ji abin da ta faɗa sarai, amma sai da na ƙarasa hannun rigar da ke gabana kafin na iya miƙewa, kuma har yau ban san dalili ba.

Yaya, ke kika riƙe ni bayan rasuwar Inna. Ke kika kai ni koyon ɗinki da kika ga duk abin da na dasa sai ya mutu. Kika ce hannuna na allura ne, in bar wa itatuwan Allah ransu. Unguwa kuwa ba ta san ki da wani suna ba sai Mai Dashe. Bayan gidanki rumfa ce doguwa, ƙarƙashinta baƙaƙen ledoji a jere, kowace da ɗan tsironta: mangwaro ɗan aure, lemo, gwaba, gwanda. Tiyonki ya sha ɗauri da roba har ɗaurin ya fi tiyon yawa, amma ba ki yarda an sake shi ba.

Abin da aka fi sanin ki da shi shi ne hana mutane saye. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa da mota a tsakiyar zafi, ya gama ginin sabon gida, yana son lemo a ranar. Kika ce, "Alhaji, ka je ka haƙa ramuka, ka zuba taki, ka jira. In ruwa ya zauna ka dawo." Ya ce yana da rijiya. Kika ce, "Rijiya tana shayar da saiwa, ba ta hana rana cin ganye." Ya tafi yana faɗa, wai sai ka ce riƙon ɗa ya zo nema. Da damina ta kankama ya dawo, kuma ke da kanki kika bi shi kika duba ramukan.

Kowace bishiya da lokacinta a wurinki. Mangwaro da lemo sai ƙasa ta jiƙe sosai, ba ruwan farko ba, domin ruwan farko yakan yaudari mutum ya ɗauke. Zogale kikan ce a kafa reshensa da wuri, ba shi da fushi. Gwanda kuwa a kan tudu, don in ruwa ya kwanta a gindinta ta ruɓe. Kuma kada a dasa komai a ƙarshen damina, rani zai riske shi bai kama ƙasa ba. Mai gadin makarantar unguwarmu ya yi wannan kuskuren, duk abin da ya dasa wa yara don inuwa ya bushe. Da shekara ta zagayo kika ɗora wasu a baro kika kai masa, kika tsaya har aka dasa su. A ƙarƙashinsu yaran suke zama yanzu.

To, Yaya, ga abin da ya ɗaure mini kai. Makonni kaɗan kafin ki kwanta, na zo gaishe ki da safe na tarar da ke a filin da ke bayan rumfa, kina dasa mangwaro. A bazara, ƙasa kamar dutse, ko alamar hadari babu. Na ce, "Yaya, ba ke kike hana mutane wannan ba?" Ba ki ɗago ba. Kika ce, "Miƙo mini bokitin nan." Na miƙa, na ci gaba da tsayuwa kamar baƙo. Da kika gama kika tambaye ni lafiyar yara, shi ke nan.

Tun bayan da aka kai ki makwancinki muke ta juya wannan magana. 'Yarki ta ce ciwon ne ya fara taɓa tunaninki, domin a kwanakin kin taɓa kiran ta da sunan Inna, kin kuma bar tiyo a buɗe har tsakar gida ta cika. Ɗanki ya ce a'a, kin san ba za ki ga damina ba, shi ya sa kika ƙi jira. Ya ja ni ya nuna mini yadda kika yi wa kowane dashe 'yar rumfa da tsohon buhu, kika lulluɓe gindinsa da busasshiyar ciyawa. Ya ce, "Kawu, wanda hankalinsa ya gushe ba ya wannan." Na ga gaskiyarsa. Amma a ƙarshen layin akwai guda biyu da kika dasa dab da katanga, abin da na sha jin kina yi wa mutane faɗa a kai. Maƙwabciyarki kuma ta ce kin gaya mata gwaji kike yi, kina dariya. Gwajin me, ba ta tambaya ba.

In kin sani, me ya hana ki gaya mini? In kuma ba ki sani ba, yaya aka yi na tsaya a kanki da bokiti ban gane yayata ba ta da lafiya ba? Duk wanda na ɗauka a cikin biyun ba ya bari na zauna lafiya.

Yanzu kullum kafin na buɗe shago nakan biya na ba mangwarorin nan ruwa. Wasu sun ƙone, wasu sun fid da jan toho, waɗansu kuwa ban san ko suna raye ba. 'Yarki tana so a tone su a mayar cikin leda kafin su ƙare, ɗanki ya ce ba mai taɓa su. Dukansu ni suke kallo, ni da kika kora daga lambu tun ina yaro. Shekaranjiya aka yi yayyafi, wata mata ta zo tana tambaya ko lokacin dasa gwaba ya yi. Na ce ta dawo wani makon.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki biyu da jikokinki, da maƙwabtan da suka yi ta hidima da mu, da duk wanda yake shan inuwar abin da ya fito daga hannunki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya haɗa kan yaran nan.

Ya Allah, ka jiƙan yayata, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta. Ka sa kowane ganye da ta raina ya zama sheda a gare ta, ka zaunar da ita a inuwar Aljanna. Kai kaɗai ka san abin da ke ranta a safiyar nan. Mu da ta bari ba mu sani ba, sai dai mu ci gaba da ban ruwa. Ka sauko mana da damina da wuri. Amin.