Gidan da Muka Toshe wa Hanci

Maigidana ya sayo mana wahala da kuɗinsa, ya kuma raɗa mata suna gidan hutu. Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a wata unguwa mai suna Pantai Dalam, a can ƙololuwar wani dogon bene kusa da jami'ar da yake karatun digirinsa na uku, ni kuma ina fama da yara biyu da tukwane. Kuɗin da muka yi shawara na mota ne ya kwasa ya kai wa wani tsoho ɗan ƙasar a Hulu Langat, bayan gari inda duwatsu da daji suke. Tsohon ya sayar masa da wata bukkar katako mai ƙafafu a bakin rafi, filin kuwa haya ne, duk shekara a biya.

Na ce masa, "Dakta," don haka nake kiransa tun bai zama ba, "wa ya gaji a gidan nan da har za a saya masa wurin hutu? Ni ce, kuma ba a tambaye ni ba."

Ya ce, "Investment ne, ba za ki gane ba. Weekend sai mu yi tapau, wato mu sayi abinci a ƙunshe mana, mu wuce, yara su sha iska."

Na gane sarai. Ba don yara ya saya ba, don Baba ne, mahaifinsa. Baba manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Kano, kuma ya yarda zai zo bikin kammala karatun ɗansa bisa sharaɗi ɗaya: ba zai kwana a sama ba. Ya ce shi ba tsuntsu ba ne, kuma ba zai yi alwala a inda ruwan zai sauka a kan ɗan mutane ba. A samo masa inda zai fito da safe ya taka ƙasa. Da na tuna wa Dakta cewa bukkar ma a kan ƙafafu take, sai ya ce Baba ba zai lura ba. Mutumin da ke gane akuyarsa daga tarinta ne wai ba zai lura ba.

Haka muka shiga gyara. Aka sayi katifa sabuwa da darduma da buta, aka shimfiɗa buzun da Dakta ya taho da shi daga gida, aka rataye babbar rigar da aka ɗinka wa Baba don ranar biki. Har da wani ɗan ƙulli a tsumma, irin kuɓewa ne da Baba ya ba ɗansa a zuwan Dakta gida na ƙarshe, ya ce a ajiye, shi zai shuka da hannunsa in ya zo, ya ga ƙarfin ƙasar mutane.

Ana cikin haka zancen korona ya yi ƙarfi, aka fara raɗe-raɗin za a rufe gari. Muka garzaya mu kintsa gidan. Mu kuwa 'yan arewa mun san yadda ake barin ɗaki in za a yi doguwar tafiya. A garinmu ɗakin da aka rufe ruf shi ke tsare kaya, ka dawo bayan shekara ka tarar da zaninka da ƙamshin turarensa. Saboda haka muka rufe tagogi, muka cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofa. Akwai wasu ramuka masu ado da aka sassaƙa a saman bango, Dakta ya ce sakacin kafinta ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kwali da salatif. Ni na lulluɓe katifa da leda, na kunna turaren wuta na rufe shi a ciki. Muka tsaya a waje muna yaba wa kanmu, har ina tausaya wa maƙwabta da suka tafi suka bar tagoginsu a sake.

Aka rufe gari. 'Yan sanda suka datse hanyoyi, babu mai ƙetara gunduma sai da takarda, kuma babu takardar da ake ba mutum don ya je gaida bukka. Amma ita bukkar ba ta san an rufe gari ba, cin kuɗinta take yi kamar kullum. Ciyawar ƙasar nan ba ta da kunya, in ka juya baya ta kai maka gwiwa, don haka sai an biya mai yanka ta. Kuɗin wuta na zuwa ko da ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba. Tsohon mai filin, wanda muke kira Pakcik, wato kawu, ya bugo waya ya ce birai sun mai da rufin filin wasa, kwano ɗaya ya ɗaga. Dakta ya ce a gyara. Pakcik ya sake bugowa ya ce reshe ya faɗo kan tankin ruwa. Dakta ya ce, "Boleh, boleh," wato ba komai a yarensu, yana murmushi kamar albishir aka yi masa. A watannin nan sai da na rage naman miya don birai su sami rufi mai kyau, kuma ban ɓoye masa haushina ba.

Duk Juma'a ƙanin Dakta kan riƙe wa Baba waya su gaisa ta bidiyo. Baba ba ya tambayar karatu, jikoki ma a gurguje yake tambayarsu. Sai ya ce, "Yaya gidana?" Dakta ya ce lafiya lau, yana nan yana jiransa. Ni kuma in na durƙusa gaban waya na gaishe shi, sai ya ce, "'Yata, ki riƙa leƙa mini irin nan, kada ɓera ya riga ni." In ce to, Baba. Ina kallon yadda wuyan rigarsa ke ƙara yi masa yawa daga wata zuwa wata, kuma na san Dakta ma yana gani.

Da aka sassauta doka muka ɗauki hayar mota muka tafi. Dakta ya kira Baba tun daga bakin rafi, wai ya nuna masa gidansa kai tsaye. Ya buɗe ƙofa, wani wari ya doke mu, sai da na ja da baya. Bango ya yi baƙi da kore. Babbar riga ta yi furfura tun daga wuya har ƙasa. Buzu ya sake fitar da wani gashin da ba na rago ba. Katifar da na naɗe a leda ta jiƙe sharkaf da gumin kanta, har wasu 'yan lemomin kwaɗi farare sun tsiro a gefenta. Gara kuma ta samu duhu da laima, ta ci dokin ƙofa ta bar mana fenti. Na leƙa bukkokin maƙwabtan da na tausaya wa, suna nan garau, iska na shiga tana fita ta ramukan nan na sakacin kafinta.

Dakta ya daskare da waya a hannu, ya manta a kunne take. Sai muka ji dariyar Baba, irin wadda ke ƙarewa da tari.

"Kai, matso da ni kusa. Katifar ce ta yi tsiro?"

"Ita ce, Baba."

"Ikon Allah! Ƙasar da katifa ke tsiro, kuma kuna sayen kayan miya a kasuwa? Ku buɗe masa tagogi, kun toshe wa gida hanci. Ni ko a tabarma ma na kwana."

Ranar muka kwashe komai muka jibge a bayan bukka, katifa da buzu da riga. Ƙullin irin ma ya yi baƙi ƙirin ya manne da darduma, na haɗa na watsar ban gaya wa kowa ba. Dakta ya bi ramukan yana ɓare kwalayensa. Aka kira mai feshin gara, aka kira kafinta, ni kuma na koma lissafin naman miya.

Baba bai zo ba. Ya rasu tun ba a buɗe wa baƙi iyakar ƙasar ba, bayan 'yar gajeriyar jinya, kuma babu jirgin da zai kai ɗansa jana'iza. A falonmu na saman bene Dakta ya karɓi gaisuwa, ta waya. Bikin kammala karatun ma a kwamfuta aka yi shi. Na ji zafin rashin tsohon nan fiye da yadda na zata, don shi kaɗai ne a dangin yake tsokanata in rama.

Bayan an kwana biyu Dakta ya ce mu je mu mayar wa Pakcik filinsa, a nemi mai sayen katakon ko nawa ne. Ya ce, "Kin yi gaskiya tun farko." Na daɗe ina jiran wannan magana, amma da ta zo ban ji daɗinta ba.

Muka tarar da mai yankan ciyawa yana ta aiki da injinsa, ya kusa zagayowa bayan bukka. Na riga shi zuwa don in ga abin da ya rage na katifar. A gefenta, cikin ciyawa, kuɓewa ce tsaye har ƙuguna, da furenta rawaya, wasu 'ya'yan har sun ƙosa babu mai tsinka. Ban san lokacin da na kurma ihu na tare gaban injin da hannu biyu ba, mutumin ya kashe shi yana kallona kamar na zautu.

Dakta ya zo da makulli a hannu, ya tsaya, ya daɗe yana kallo. Na karɓe makullin na ƙulle a bakin mayafina. Na ce, "Ka biya shi kuɗin wata mai zuwa. Kuma ka gaya masa da yarensu, kada ya kuskura ya taɓa gonar Baba."