Ƙullin Falmata da Suka Ce Sammu Ne

Shekara goma ke nan da rasuwar ƙawata Falmata. Da so samu ne, in yi mata addu'a a wannan shafi in ja bakina in yi shiru. Amma abin da idona ya gani a tsohuwar makarantarmu a watan jiya ya hana ni. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

A ajin ƙarshe na sakandare muka haɗu, a nan Jimeta. Ni 'yar kudancin Adamawa ce, ita kuwa iyayenta mutanen Barno ne, tashin hankalin nan ya koro su. Mu 'yan ƙalilan ne muka zaɓi darasin zane da rini, ana kiranmu 'yan baba saboda faratanmu kullum shuɗaye ne. Malamai ma ba su raga mana ba. Duk wanda lissafi ya kayar, sai a ce ya je ɗakin Malam Hammadu ya yi wasa da fenti. Falmata kuwa lissafi bai taɓa kayar da ita ba, da ƙafarta ta zo. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "An ƙona mana gida da zannuwan kakata a ciki. Zan sake yin su."

Don jarrabawar fita, kowa zai yi zane ɗaya na ɗauri. Ga wanda bai sani ba, farin yadi ake samu, a sa tsakuwa ko ƙwallon tsamiya a ciki, a naɗe da zare tamau, a yi ta yi har yadin ya dunƙule ya zama ƙulli-ƙulli, sannan a tsoma a baba. Inda zare ya matse, rini ba ya shiga, in an kwance sai adon ya fito fari. Ni dai na yi nawa sama-sama na huta. Falmata ta kwashe zangon karatu guda tana ɗauri, har yatsunta suka yi kanta. Ta tsoma, ta shanya, ta sake tsomawa, ta ce ita shuɗin bai yi mata duhu ba. Ta tafi kasuwa ƙaro baba, bam ya tashi. Ba ta dawo ba.

Malam Hammadu yana da doka: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Don haka bai taɓa zare ko ɗaya ba. Ya kai wa mahaifiyarta, Mama Yagana, ƙullin a wurin gaisuwa, ta kau da kai ta ce ya ajiye a wurinsa, ranar da zuciyarta ta iya za ta zo. Ya ɗora shi a kan kabad ɗin ajinsa. Duk shekara yakan sauko da shi ya nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake ɗauri. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa a Bako, ba a kawo wani malamin ba. Aka garƙame ɗakin, darasin ya mutu ba ko jana'iza.

A watan jiya sai ga kiransa. "Rahila, 'yata, maza ki je makaranta. Za su ƙona ƙullin Falmata."

Ashe sabon shugaban makarantar ne ya sa a share ɗakin a mai da shi sito. Masu shara suka ci karo da wani baƙin dunƙule mai ƙulle-ƙulle, suka matsa suka ji tsakuwa a ciki. Shi ke nan, magana ta ƙare: sammu ne, shi ne ma ya sa yara ke faɗuwa jarrabawa! Malamai Musulmi suka yi nasu tofin, Kiristoci suka yi tasu addu'ar. Mutanen da ko kan wa zai zauna kusa da fanka ba sa jituwa, ranar bakinsu ya zo ɗaya. Babu wanda ya ce a tambayi tsohon da ya yi shekaru yana koyarwa a ɗakin, alhali matambayi ba ya ɓata.

Da na sauka daga keke na tarar an riga an cinna wuta a juji. Na fizgi sandar maigadi na jawo ƙullin, na yi ta zuba masa ƙasa.

"Madam, kada ki taɓa! Ba ki ga tsakuwa a ciki ba?" in ji shugaban.

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin jarrabawar ɗalibarku ne. Rini ne."

Ya dube ni, ya dubi ƙullin, ya ce, "To ai ba a rubuta a jiki ba."

Ba a rubuta a jiki ba! Mutumin da ke sanye da rinanniyar shadda, wadda ya tabbata hannun wani ne ya tsoma ta. Haba jama'a! Irinsu ne kullum a kan mumbari ana cewa matasa su rungumi sana'ar hannu, ga shi kuwa ɗakin da ake koyar da ita an cika shi da karyayyun kujeru. Lalle rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sanin mai riƙe da alli ya fi ciwo. Waɗanda suka ƙona gidan su Falmata ko ba komai ba su taɓa cewa su masu ba da ilimi ba ne.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan rana. Na san dariya za ta fara yi, irin tata mai riƙe ciki, ta ce ashe aikinta ya yi kyau har ana tsoronsa. Daga baya ne za ta tambaye ni yarinyar da ke son zane a yau ina za ta je.

Ban mai da ƙullin ko'ina ba, Yolde Pate na nufa da shi, inda Mama Yagana ke zaune yanzu. Na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in miƙo mata reza da faranti. Ta shiga yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, tsakuwa na faɗawa a faranti. Wuta ta cinye gefe guda, ta huda wurare da dama. Amma duk inda Falmata ta matse zare da ƙarfi, yadda rini bai shiga ba haka wuta ma ba ta shiga ba. Zobba farare tas suka fito, manya a tsakiya, ƙanana suna zagaye da su.

Falmata ba ta bar takardar shaida ba, ba ta bar ɗa ba, ko hotonta guda ɗaya ne a hannunmu. Abin da ya saura shi ne wannan zane mai huji da ƙaurin hayaƙi, da taurin kan yarinyar da ta ce za ta dawo da abin da aka ƙona, kuma ta dawo da shi. Allah ya jiƙanta.

Mama Yagana ta shimfiɗa shi a cinyarta tana shafawa. "Zanen mahaifiyata ne, Rahila," in ji ta. "Sak." Sai ta sa yatsa a cikin hujin da wuta ta yi, ta ce, "Sau biyu ke nan ana sa masa wuta. Na farkon dai na san maƙiya ne."