Ranar da Na Buɗe wa Wanzami Bakin Ƙanena

Makon jiya aka yi suna a maƙwabtanmu nan Damba, a Gusau. Na je barka, ina cire takalmi a bakin zaure sai wanzami ya kwance zabirarsa. Warin tsohuwar fata da sabulu da ƙarfen da ya sha washi ya bugi hancina. A tsaye na yi barkar, na ce aji na jirana. Asabar ce, kowa kuma a gidan ya san makarantar gwamnati nake koyarwa, amma suka yi mini kara, ba wanda ya tanka.

Mai karatu, shekara kusan talatin ke nan warin zabira bai sake ni ba. Bari in gaya maka dalili.

A wani ƙauye gefen Bungudu na tashi, kusa da gulbi, inda da damina kukan kwaɗi ke hana ka jin sallamar baƙo. Gidan na Kaka ne, mahaifiyar Baba, ko da yake Baba ake kira maigida. Shi manomi ne, in kaka ta yi ya kai hatsi Gusau. Ni ce babba a ɗakin Inna, sai ƙanena da na ba shekara biyar, sai jaririya a goye.

Ƙanena ya kai shekara biyar kalmominsa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ba kurma ba ne. Ka ce masa ya ɗauko ƙaramin ludayin da ke cikin ƙwarya bayan rumbu na biyu, shi zai kawo maka, ba babban ba. Sauran zancensa da hannu yake yi da gira, ni kuma in fassara. Ƙamus ɗinsa bai cika shafi guda ba, kuma kwafi ɗaya aka buga, yana wurina.

Abin da ya rikita manya shi ne, wani lokaci kalma kan faɗo daga bakinsa fes, kamar an wanke ta. Wata ranar bazara, zafi ya sa har kaji sun buɗe baki a gindin randa, ya shigo ya ce, "Inna, ruwa." Inna ta saki muciya cikin tukunya. Nan take gida ya taru a kansa, kowa na cewa ya sake faɗi. Sai ga leɓɓansa suna laluben kalmar, kamar tsohuwa mai neman kafar allura. Ya turo baki, ya ja shi baya, jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin da ya fito bai yi kama da ruwa ba. Aka watse. Ruwan ma ni na tuna na ba shi.

Kaka ta yanke hukunci a ranar. "Wanga yaro shina da magana," in ji ta. "Rowa ce."

Daga nan aka shiga magani. Ya sha rubutu har cikinsa ya ƙoshi da ilimin da ya fi na limamin ƙauye. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce a ba shi ruwa cikin ƙararrawar wuyan bijimi, aka ba shi. Baba ya taho da kwalba daga Gusau, wai sauran ruwan da akun wani Alhaji ya sha ne. Daga baya na ji cewa akun ma ban da sallama ba abin da ya iya. An kai shi wani asibiti, aka tafa hannu a bayan kansa, ya waiwaya, aka ce kunne lafiya lau, a yi haƙuri, wasu yaran sukan makara.

Abin da ya fara aiki kuwa ba wanda ya rubuta shi. Da damina ni ke daka bayan la'asar, shi kuma ya zauna kan kututture yana kallo. Na lura duk lokacin da taɓarya ta sauka sai ya yi ɗan nishi, kamar shi ke dakan. Don wasa na fara raba masa kalma bisa saukar taɓarya: hu, ra. Ka, za. Sai ya bi. In ta ƙi, in jingine taɓaryar, in tsuguna gabansa in ce, "Dubi bakina." Ya zuba mini ido, har ya ɗora yatsu kan leɓɓana yana jin yadda suke tafiya. Kullum da hangame baki muke farawa, in ce "aaa," ya ce "aaa," mu yi dariya, sannan mu shiga aiki. Kowace kalma sai mun maimaita ta kwana da kwanaki kafin ta zauna. Kafin gero ya fid da kai ya ƙara kalma bakwai, cikinsu har da "Yaya," sunan da ƙanne ke kirana da shi.

Ba wanda ya lissafa wannan cikin magani, domin ba shi da ɗaci, ba a kuma ɗauko shi daga nesa ba. Kaka ta ce ruwan aku ne ya fara kama jiki.

Bayan an kai amfanin gona gida, tsakar gida na ƙamshin sabon gero, Gwaggo ta zo daga Tsafe. Yayar Baba ce, 'yar kasuwa, irin matan da ba sa shiga gida su fita ba su gyara wani abu ba, ko da lafiyarsa lau. Ta kalli ƙanena na ɗan lokaci ta ce linzami ne, wato zaren naman nan da ke ɗaure harshe ta ƙasa, kuma akwai wanzami a Tsafe da ya san aikinsa.

Inna na shayar da jaririya, kanta a ƙasa, ta ce, "An duba ranar suna, an ce babu."

"Wa ad duba?" in ji Gwaggo. "Wancan tsohon da ko kai bai aske sai da lalube? Ke dai kina son a riƙa ce miki uwar bebe."

Inna ta mayar da ido kan jaririyar. Matar gida ba ta jayayya da yayar miji gaban uwar miji. Kaka ta ce a kai shi. Baba ya ce Allah ya sa a dace, ya ɗauki butarsa ya fita. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin zaman lafiyar da wani ke ɗaukar nauyinsa. Aka ce in bi su, tunda ni kaɗai yake ji wa magana.

Ban taɓa ganinsa cikin murna irin ta ranar ba. An sa masa rigar sallarsa. A tashar Gusau, inda muka canja mota, Gwaggo ta saya masa rake, yana sha yana nuna manyan motoci da guntun karan. Da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gefen hanya, ya ja ɗankwalina da ƙarfi ya ce, "Ya-ya!" Har wani dattijo a motar ya waiwayo ya ce Allah ya raya. Gwaggo ba ta ji ba, tana ba maƙwabciyarta labarin farashin manja.

Wanzamin yana da rumfar kara a bayan kasuwa. Dattijo ne mai sanyin murya, hannunsa tsaf. Ba mugu ba ne, kuma wannan yana cikin abin da ya fi damuna. Da ƙanena ya ga an kwance zabira an jera asake kan fata, sai ya datse baki. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi tsawa, har ta kai hannu za ta toshe masa hanci. Wanzami ya hana ta.

"A'a, Hajiya, ba haka aka yi ba. Wa yaka ji ma magana?"

Gwaggo ta nuna ni da haɓa.

Na tsuguna gabansa kamar yadda nake yi a gindin turmi. Na ce, "Dubi bakina." Ya dube ni, ya dubi asaken, ya sake dubana. Na ce "aaa." Ya buɗe. Wanzami ya ɗaga harshen da ɗan tsinken kara, ya juya fuskar yaron ga hasken rana, ya duba har na fara gajiya da tsuguno. Sannan ya janye hannu.

"Hajiya, ni hwa ban ga linzami ba nan. Halshe nai lahiya lau."

"Tun daga Bungudu munka taso da yaro," in ji Gwaggo, "mota biyu, ka ce mu koma hakanan? Mi zan ce ma tsohuwa?"

Wanzami ya dubi asakensa. Ka san mu, ba ma son baƙo ya yi tattaki ya koma hannu sake. Mai tuwo ya ba da tuwo, mai goro ya ba da goro. Shi abin da yake da shi aska ne.

"To," ya ce, "bari in ɗan taɓa."

Kafin nan ƙanena ya sake rufe baki. Gwaggo ta ɗora shi kan cinyarta, ta rungume hannayensa ta baya, ta ce da ni, "Sake yi mashi abin nan naku."

A nan nake son ka tsaya tare da ni, mai karatu. Na farko ban san komai ba, ba na tuhumar kaina da shi. Na biyu kuwa na ji abin da wanzami ya faɗa da kunnena. Shekarata goma, na iya karatu, na san ma'anar "ban gani ba." Amma ba a koya mana yadda yarinya ke ce wa gwaggonta a'a ba, babu shi a manhaja. Na tsuguna. Na ce, "Dubi bakina." Idonsa cike da ruwa, ya dube ni. Na ce "aaa."

Ya buɗe.

Ban ga askar ba, sai jini a gaban rigar sallar. Kukan da ya yi ba na baki ba ne, daga ciki ya fito. Wanzami ya barbaɗa wani garin magani, ya ce a riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri. A hanyar dawowa mun sake wuce dutsen nan, ƙanena bai ɗaga kai ba.

Inna ta karɓe shi a bakin ƙofa, ta dubi rigar, ta shige da shi ɗaki. Ya yi kwanaki yana zazzaɓi, kunu kaɗai ke wucewa, shi ma da kuka. Da ciwon ya warke Kaka ta ce, "Yanzu sai ku jira."

Muka jira. Na jawo turmi bayan la'asar, ya tashi ya koma bayan rumbu. Na bi shi na tsuguna, na ce ya dubi bakina, ya dubi ƙasa. Na yi ta gwadawa har damina ta zagayo. Kalmomin nan bakwai suka zube ɗaya bayan ɗaya, kamar tsiron da aka daina ba ruwa. In yana son wani abu a wurina sai ya taɓa kafaɗata. Bai guje ni ba, bai taɓa dukana ba. Bakinsa kawai ya janye daga hannuna.

Gwaggo ta ce wanzamin ne ya yi tsoro, da ya zurfafa da an ga aiki. Kaka ta rasu tana jira. An sa shi makaranta, zango biyu aka ce ya koma gida, ba ya amsa tambaya. Da ya girma ya tattaro wasu kalmomi da kansa, 'yan kaɗan, kowace sai ya yi dako kafin ya sauke ta. Sau ɗaya Inna ta taɓa tayar da zancen wanzamin, ranar da za a kai ni gidan miji. Tana ɗaure mini kaya ta ce, "Lokacin ke yarinya ce. Ni ce babba, kuma na zauna na bari aka tafi da shi." Ta ci gaba da ɗaure kayan.

Yanzu ƙauyen babu kowa sai ciyawa. Rashin tsaro ya kwaso mu duka zuwa Gusau. Ƙanena yana da injin niƙa a wata unguwa, sana'ar da ƙara ke mayar da kowa mai magana da hannu. A wurin shi ne ya fi kowa fasaha.

Bara aka tura mu wani taron bita na malamai, wata mata ta yi bayanin wata matsala da ta kira afraksiya. Ta ce yaro ya san kalmar sarai, harshensa lafiya, amma saƙon da ke tsara wa leɓe da harshe yadda za su motsa shi ke rikicewa a hanya. Ta ce abin da ke taimakawa shi ne maimaitawa kullum, a hankali, gaɓa gaɓa, yaro yana kallon bakin wanda ya amince da shi. Sauran malamai suna rubutawa. Ni na ajiye biro. Da aka tambaye ta ina iyaye za su sami mai wannan aiki, sai ta fara lissafa garuruwa masu nisa, a kan hanyoyin da yanzu ba a bi sai da addu'a. Ci gaban da muka samu ke nan: da ba mu san sunan ciwon ba, yanzu mun san shi.

Daga taron ban je gida ba, wurin injin na nufa. Mata sun yi layi da robobin gero. Na yi masa alama, ya kashe injin, ya kakkaɓe garin da ke girarsa. Na zayyana masa duk abin da na ji, da tsari, kamar ina gaban aji. Na ce ba rowa ba ce, ba taurin kai ba ne. Na ce, "Harshenka ba abin da ya taɓa samunsa. Babu linzami. Tun ranar nan babu."

Ya daɗe yana shirya baki. Na jira, ban taya shi ba.

"Na... sa-ni," ya ce.

Sai a lokacin na tuna cewa shi ma yana rumfar. Kunnensa lafiya lau, har asibiti ya shaida. Ya ji abin da wanzami ya faɗa, ya ji amsar Gwaggo, ya san mene ne "ɗan taɓa." Shekara biyar muna zancensa a gabansa kamar zancen akuya, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Da saninsa ya buɗe baki karo na biyu, don ni ce na ce ya buɗe.

Wata mata ta ce yara na jiran tuwo. Ya ɗaga mata hannu, ya ja igiyar injin.