Ba Zazzaɓi Ne Ya Kashe Yaya Tanko Ba

Bana shekara hamsin da biyu ke nan da rasuwar wana, Yaya Tanko, maƙerin farin ƙarfe a Birnin Gwari. Ni Ladi ban yi boko ba, ba kuma na jin kunyar haka. Ni ke faɗa, 'yarsa Lami na rubutawa.

Tagulla, azurfa, zinariya, duk sun bi ta hannunsa. Yakan ce uwa ɗaya uba ɗaya suke: tagulla 'yar fari mai haƙuri, azurfa ta tsakiya, zinariya auta, shagwaɓaɓɓiya mai sa manya kuka. Lami, da ta tsufa tana koyar da kimiyya, ta ce a littafinsu ma layi ɗaya aka jera su. To, shi a bakin wuta ya yi nasa karatun.

Da Turawa suka tafi suka bar ramukan zinariya a daji, maza suka riƙa shiga a ɓoye, don haƙa ba takarda ɗauri ne. Wata Laraba da hantsi rami ya rufta, Yaya Tanko na ciki. Aka zura gora don ya sami iska, na kafa kunne.

"Ladi, ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Kada a kira hukuma. Mutum tara da muke haƙa tare za su ɗaure."

Ma'aikatan hanya na nan da kayan tono, tafiyar rabin wuni. Ba wanda ya je. Ni ma da ƙafafuna, ban je ba. Kwana biyu muna yaƙutar ƙasa da fartanya da ƙorai, tana komawa. Rana ta uku na yi ta kira a gorar, shiru. Muka dawo gari muka ce zazzaɓi ne, an binne shi a ƙauye. Tsoro na daji, kunya ta gida. Ni duka biyun na ɗauko.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Garin ne ya zama ramin. 'Yan bindiga sun tare hanya, manomin Dogon Dawa sai dai ya hangi gonarsa daga nesa. Kowa na gani, kowa ya yi gum. An ce baki ke yanka wuya. Ni na ga shiru ya yanka.

Mutanen nan tara duk a kan gadonsu suka cika, sun ga jikoki. Abin da Yaya ya bari ke nan, ban kuma raina shi ba. Amma kabarinsa na cikin dajin da ba ya shiguwa, kuma ni kaɗai na rage da na san wurin.

Lami, ubanki ya ce kada a je. Ni kuwa na ji maganarsa. Ki yafe wa gwaggonki.